Farantin tagulla ya sa ni zuƙe dalma sau 134

Kibod ɗin kwamfutar da na haɗa ƙarami ne, irin wanda ake kira 65%, madannai 67, kes na aluminiyam mai gaskit ('yan sosuna a ciki masu ba da laushi), PCB (allon lantarkin da ke ciki) kuma na soldarin, wato wanda ake like ƙafafun madannai da dalma, ba mai soket da ake cusa su kawai ba. Sauran kayan duk ba su ba ni wata wahala ba, suwic (abin da ke ƙarƙashin kowane madanni) na shafe su da mai, sitabilaiza (masu tallafe manyan madannai) tun zaman farko suka zauna daram ba ƙara ba rawa. Faranti, wato fallen mai ramuka da suwic ke maƙalewa a jikinsa a saman PCB, shi ne ya ja min, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu, don zaɓi huɗu aka ajiye a gabana: aluminiyam, tagulla, FR4 (zaren gilashi da gam) da PC (wata irin roba), ni kuwa ko minti biyar ban yi ina tunani ba na danna tagulla.

Gaskiya kyau ne ya ruɗe ni. Wannan ruwan zinaren da ke leƙowa ta tsakanin hulunan madannai, ga nauyi. Ranar da ya iso na ɗora shi a tafin hannu na ji shi tim, sanyi ƙalau, na ce lallai na yi dace. Kuma nauyin ba ƙarya ba ne, tagulla tana kai wajen giram 8.5 a kowane santimita kubik, aluminiyam 2.7 kacal, ka ga ninki uku da ɗoriya kenan, PC kuwa 1.2 ne, kusan ninki bakwai. A kaina a lokacin abu mai nauyi shi ne mai kyau, shi kenan lissafina. Sannan na sha kallon bidiyon gwajin sauti, inda tagulla ke ba da wani kas-kas mai tsabta, ban kawo a raina cewa makirufo da tebur da shimfiɗar da ke ƙarƙashi da ma irin hulunan duk suna cikin abin da kunnena ke ji ba.

Na jera suwic, na bi ƙafafu 134 da dalma ɗaya bayan ɗaya, na rufe kes. Daren farko daɗi kamar me. Kwana na uku ne na fara jin kan yatsuna na zafi, musamman manuni da na tsakiya, wajen la'asar sai in ji kamar tun safe ina ƙwanƙwasa dutse. Ni mutum ne mai danna madanni har ƙasa, ban iya shafa-shafa ba, ga suwic ɗina masu tudu ne, wato masu ɗan cijewa kafin su sauka, da sifirin giram 67, kana wuce tudun sai yatsa ya faɗa da ƙarfi, a ƙasa kuma tagulla na jira ba sassauci ko kaɗan. Aikina rubutu ne, awa shida bakwai a rana. Wanda zai yi wasa na awa ɗaya ya tashi ƙila ba zai taɓa lura ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gaskit ɗin. Dalilin sayen wannan kes ɗin gaba ɗaya fa shi ne faranti ya zauna a kan 'yan sosunan nan ya riƙa lotsawa kaɗan in ka danna. To ni na ɗauko ƙarfe mafi tauri a cikin zaɓin na ɗora a kai. In na danna tsakiyar kibod ɗin da babban yatsa iya ƙarfina, da ƙyar ake ganin motsi, tsakiyar farantin ba ta lanƙwasa sam, ɗan abin da soso ya bayar a gefe ne kawai. Wato na biya kuɗin laushi na zo na kashe shi da hannuna. Ga wani siririn ƙara tiiin da ke biyo bayan kowane dannawa a layin sama, na cusa soso tsakanin faranti da PCB ta gefe iya inda ya shiga, ya ragu amma bai tafi ba.

Na ce to bari in canza faranti kawai. A nan ne gabana ya faɗi. Na san abin nan a ka fa, ba wai ban sani ba, amma ban taɓa auna shi a jikina ba: suwic ta sama yake shiga faranti ya maƙale, ƙafafunsa kuma an like su a ƙasan PCB, faranti yana tsakiya a kulle. Ba yadda za a yi ya fita sai duk suwic 67 sun fita. Ƙafa biyu-biyu, 134. Da PCB mai soket na saya, aikin minti ashirin ne da ɗan abin cire suwic.

Wani abokina ya ara min famfon zuƙe dalma, irin na hannu mai sifirin. Da zai ba ni ya ce, "Malam, ka ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar kafin ka zuƙa, kuma in suwic ya ƙi fitowa kar ka ja shi." Na ce na ji. Na farkon na kiyaye, kuma wallahi yana aiki, sabuwar dalma tana sa zafi ya ratsa har cikin ramin sai famfo ya kwashe tas. Na biyun ne na karya. Dare biyu ina abu ɗaya, a dare na biyu na kai kan harafin N, na gaji, ƙafa ɗaya ta ƙi saki, na bar ayon ɗin narka dalma a kai ya daɗe fiye da kima sannan na sa abu na ɓanɓaro suwic ɗin ta sama. Ya fito, amma da ɗan zoben jan ƙarfen nan na PCB manne a ƙafarsa, siriri kamar ɓawon albasa, yana reto. Na zauna ina kallonsa na fi minti goma ban ce komai ba.

Allah ya taimake ni PCB ɗin bai mutu ba. Na bi layin da mitar gwada lantarki, na gano ƙafar da ta lalace ita ce mai zuwa dayod (wani ɗan ƙaramin abu a jikin PCB kusa da suwic ɗin), na ja 'yar siririyar waya daga ƙafar suwic kai tsaye zuwa dayod ɗin, N ya dawo. Amma wayar tana nan har yau a ƙasa, na danne ta da tef, kuma duk saboda farantin da na zaɓa cikin minti biyar.

Karo na biyu ban yarda na sake like komai kai tsaye ba. Na sa soket ɗin Mill-Max, 'yan bututun ƙarfe da ake cusa ƙafar suwic a ciki, a ramukan, ban da na N da ya riga ya samu rauni, shi kaɗai na bari a like, sannan na sayo PC da FR4 duka biyu don in ji da yatsuna ba da kunnen wani ba.

PC ya ba ni mamaki ta inda ban zata ba. Sautin ya yi zurfi, ƙarar tiiin ta ɓace gaba ɗaya, yatsu suka huta. Amma wajen sa suwic ɗin sai da na yi gumi, don kana dannawa farantin yana lotsawa ƙasa tare da suwic, haƙoran ba sa kamawa, sai ka ɗauka ya zauna alhali yana sama-sama. Kaurin faranti milimita 1.5 ne, ramin kuma 14 da 14, dole farantin ya tsaya cak kafin haƙoran su ce ƙas. Sai da na fara da kusurwoyi huɗu da tsakiya, ina tallafe farantin ta ƙasa da wani siririn roba, kuma da suwic ɗina ba masu ƙafa biyar ba ne (biyun ƙarfe da ake likewa, sauran ukun na roba masu daidaita zama) da wasu sun karkace. Bayan sati ɗaya kuma na lura tudun suwic ɗin ya dushe, kamar ana dannawa ta cikin bargo. Mai suwic marar tudu zai ji daɗin PC sosai, ni dai tudun nan shi na saya.

FR4 na tsaya a kai. Shi ne dai abin da ake yin PCB da shi, zaren gilashi da aka haɗe da gam, ya fi PC tauri nesa ba kusa ba amma bai kama ƙafar aluminiyam ba balle tagulla. Tudun ya dawo, gaskit ya fara aikinsa, ina ganin layin tsakiya yana ɗan nutsewa in na danna. Nawa milimita 1.6 ya zo, irin kaurin PCB, don haka suwic na kamawa gam, wajen cire ɗaya ma sai da haƙorinsa ya karye, a kula da wannan. Kuma kar a goge gefensa da samfefa a cikin ɗaki, ƙurar ba ta shaƙa ba ce.

Ba cewa nake tagulla ba ta da kyau ba. A kes ɗin da ake ɗaure faranti da sukuru a sama, da suwic marar nauyi, ga wanda ke son tauri da sauti mai kaifi, za ta yi masa. Amma in PCB ɗinka na soldarin ne, don Allah kafin ka kunna ayon ka maƙala suwic goma a farantin, ka ɗora a cikin kes, ka yi ta dannawa na rabin awa. Ni ko wannan ban yi ba, kuma da na yi da tun a nan yatsuna sun gaya min.

Farantin tagullar yana cikin durowa, ba shi da wani rufi a jikinsa, har shatin yatsuna ya fara yin duhu a inda na riƙe shi ranar farko. N ɗin nan kuwa da yake shi kaɗai ne a like, duk sanda zan sake canza faranti sai na kunna ayon dominsa, in cire wayar in mayar a hankali.