Tarihin Rayuwata, Kashi na Takwas: Sanda Biyu a Shago Ɗaya

A makon jiya mun tsaya a inda gwamnatin Kano ta hana acaɓa, a watan Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero. Wata biyu babur ɗina yana jingine a zaure, ƙura ta rufe shi. Abokan sana'a suka koma Adaidaita Sahu, ni kuwa ban samu mai tsaya mini ba. Kawu ne ya kama hannuna ya kai ni Kantin Kwari, wurin wani Alhaji da suka yi makarantar allo tare.

Ba zan ɓoye alherin mutumin nan ba, don Allah zai tambaye ni. Kullum da azahar sai an kawo mana shinkafa da wake a kuɗinsa. Da Inna ta kwanta ciwo, shi ya biya kuɗin magani ban roƙa ba. Ranar da na fara aiki ya ce, "Yaro, ka riƙe amana, shekara biyar in sallame ka da naka jarin." Na koma gida ina ji kamar an ba ni kujerar Makka.

A sati na uku na lura sandar awo biyu ce a shagon. Ɗaya cikakken yadi ce, inci 36, tana kan tebur. Ɗayar tana bayan dilar shadda, an rage mata inci biyu, an goge bakin har ba a ganewa. Wanda ya nuna mini ita yaron shago ne da ya riga ni zuwa, kuma shi ne aminina a kasuwar, kwano ɗaya muke ci. Ya ce in tela ne ko dillali, a ɗauko ta kan tebur. In mutumin ƙauye ne, a miƙa hannu baya. Shi ya koya mini manna wa atamfar Caina takardar Holan.

Na yi. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Wata Laraba wata dattijuwa ta shigo da ɗanta, daga wajen Ɗambatta, za su haɗa lefe. Kuɗin a haɓar zani ta ƙulle su, ta ce kuɗin bijimi ne da suka sayar. Ta zauna a kan benci ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni ban san kaya ba. Kai za ka zaɓa mini, tsakaninka da Allah." Na auna mata shadda yadi goma da sandar baya. Ku lissafa: inci ashirin ke nan, ya fi rabin yadi. Na haɗa mata da turmi uku masu takardar ƙarya. Tana fita tana sa mini albarka, wai Allah ya ba ni mace tagari.

Wannan addu'ar ce ta hana ni barci. Wailul lil muɗaffifina, surar da ke gargaɗin masu tauye awo, muna yara muka haddace ta, mun wanke ta a allo, amma sai a daren nan na san da ni take magana.

Da safe na faɗa wa abokina. Ya ce in daina wahalar da kaina, mu 'yan aike ne, alhakin yana wuyan maigida. Na ce hannun wa ya riƙe sandar? Tun daga ranar ya daina jirana mu ci abinci, ni ma ban neme shi ba. Rabuwar ta yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa, don a wajen sandar nan ban taɓa kama shi da mugun hali ba.

A gida magana ta rabu biyu. Kawu ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mutum ya biya wa uwarka magani ka ce za ka tona masa asiri? Inna ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ban ce ka tona kowa ba, amma kada ka ƙara kawo mini cefane da wannan kuɗin."

Na jira har Alhaji ya idar da la'asar, mutane suka ragu. Na durƙusa na ce, "Alhaji, a yi mini afuwa. Kowane aiki zan yi, shara, dako, aike, amma ba zan ƙara taɓa waccan sandar ba." Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba. Can ya ce, "Kai za ka koya mini kasuwa? Ajiye mini makulli."

Na ajiye. Na fito da naira ɗari uku a aljihu, na kama hanyar Gwammaja a ƙafa. Ban kai bakin titi ba na ji ana ƙwala mini kira. Wani tsohon ɗan dako ne da ke hutawa a ƙofar shagonmu, ashe duk abin da aka yi a kunnensa. Inda ya kai ni washegari, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.