Darussan da na koya kan ƙwayar sola ta ferobskayit da zafi

Kuskuren da ya fi cinye wa mutane watanni a aikin nan shi ne ɗora wa ferobskayit, wato sinadarin da ke kama haske a cikin ƙwayar, laifin da ba nasa ba. A haɗa ƙwaya mai kyau, a ajiye ta a zafin digiri 85 na Selsiyos, kwana kaɗan ƙarfinta ya zube, sai a koma ana ta sauya haɗin sinadari, alhali ɓarnar tana can sama. Spiro-OMeTAD, sinadarin da ake shimfiɗawa a kan ferobskayit don ɗebe caji, ba ya jure zafi. Ruwan tBP da aka zuba masa yakan ƙafe ya bar ramuka, gishirin litiyam da ke cikinsa yana jawo danshi, kuma tun daga wajen digiri 70 zinariyar da ke bisa don fitar da wuta take ratsa shi ta gangara ciki. Ka ɗaga ƙwayar, ka ga ferobskayit ɗin yana nan baƙi ƙirin, ko rawayar da ke nuna lalacewarsa babu, amma wutar ta tafi.

Gano mai laifi ba wuya. A gasa shimfiɗar ferobskayit ita kaɗai cikin naitirojin, sannan a ƙarasa haɗa ta, a gwada da wadda aka gasa a haɗe. In ta farkon ta riƙe ƙarfinta, a daina taɓa sinadarin. A kifa tsarin: 2PACz a ƙasa, C60 a sama (sinadarai ne masu ɗebe caji, sai a bar Spiro), a rufe da SnO2, wato oksayid ɗin kuza, kamar nanomita 20 ta hanyar ALD, dabarar ɗora shimfiɗa siririya-siririya. Wannan rufin yana tare aidin da ke cikin ferobskayit daga fita, yana tare ƙarfe daga shiga. In kuwa azurfa aka sa a maimakon zinariya ba tare da rufin ba, aidin cinye ta yake yi.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne masu shelar awa 1,000 alhali a akwatin naitirojin suka ajiye ƙwayar, cikin duhu, a zafin ɗaki. Wannan ajiya ce. Haske da zafi in sun haɗu ne aidin ya fi yawo. Gwajin gaskiya shi ne wanda masana ke kira ISOS-L-2, wato ƙwaya tana aiki ƙarƙashin haske a digiri 65 ko 85. Faifan sola a kan kwano a Sakkwato ko Agadas cikin Afrilu yana haura digiri 60.

A cikin sinadaran da ake haɗa ferobskayit da su, metilamoniyam yana wargajewa a digiri 85 ko babu iska ko danshi, don haka a koma fomamidiniyam da ɗan siziyam. Wajen rufewa, gilashi sama da ƙasa, robar butil a gefe, a bar EVA, robar da aka saba rufe faifan sola da ita, saboda asid ɗin da take fitarwa.