Yadda matatar ruwa ta sa na canza tsarin ba da maki

Shekarar da na fara ba 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare aikin hannu a darasin kimiyya, matatar ruwa na zaɓa, saboda kayanta ba sa cin kuɗi: gorar roba a yanke gindinta a kifa ta, ƙyalle a baki, sai gawayi, yashi mai laushi, yashi mai kaushi, tsakuwa a sama. Yara 70 ne a ajin. Na raba su bakwai-bakwai, na ba su mako uku, na ware wa aikin maki 20 daga cikin 40 na CA, wato gwajin da ake yi a kai a kai cikin zango.

Ranar kawowa wani rukuni ya shigo da abin da ya sa ajin ya ɗauki sowa. An kafa gorar a kan katako da aka goge aka shafa wa fenti, har da ɗan famfo a ƙasa. Ban tsaya wata-wata ba na rubuta 18. Wani rukunin kuwa gorarsu a karkace take, an ɗaure ta da robar taya, ruwan da ke ɗigowa ma da ɗan baƙi-baƙi. Na ba su 9.

Bayan kwana biyu, muna bita, na tambayi wata yarinya daga masu famfo amfanin gawayin. Ta ce, "Malam, don ya yi kyau ne." Na juya kan na kusa da ita, shi ma shiru. Ashe wan ɗaya daga cikinsu kafinta ne, shi ya haɗa komai a shagonsa. Da na waiwayi masu 9, sai wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba ya miƙe. Ya ce sau uku suka sake zubi. A karon farko ba su wanke gawayin ba, shi ya sa ruwan ya fito kamar tawada. A na biyu yashi mai laushin ya yi yawa, ruwan ya ƙi sauka sai da aka yi kusan awa. Sannan ya ƙara da cewa ko ruwan ya fito garau ba a sha sai an tafasa, don yashi ba ya tare dukkan ƙwayoyin cuta. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da nake so su ɗauka daga darasin gaba ɗaya. Kunya ta kama ni, don na san makin da ke cikin littafina.

A kwalejin horar da malamai an karantar da mu cewa William Kilpatrick, almajirin John Dewey a Amurka, ya yi rubutu kan koyarwa ta hanyar aiki tun 1918, kuma manufar ilimi ta Najeriya ta 1977 ta ba gwaji a kai a kai muhimmanci. Mun haddace, mun ci jarrabawa. Amma yadda za ka ba yara bakwai maki a kan gora ɗaya, wannan a bakin allo na koye shi.

Zango na gaba na sake rabo. Abin da aka ƙera maki 5 kawai. Littafin aiki 5: kowane yaro ya rubuta ranar da aka gwada, me aka canza, me ya faru, ko da layi biyu ne. Sauran 10 na tambayar baki, kowa shi kaɗai. Nan lissafi ya ba ni wahala, don minti biyu sau 70 minti 140 ne, darasi kuma minti 40. Sai na daina jiran ranar ƙarshe. Suna cikin aiki nake zagayawa da takardar sunaye, in tsaya kan mutum in ce, "Da za a cire tsakuwar nan, me zai faru?" in sa alama in wuce. Na kuma hana kai aikin gida. A bayan aji muke ajiyewa.

Na gwada sa su ba juna maki, abin bai yi ba, kowa ya cika wa abokinsa. Tambayar "wa ya yi me?" a rubuce, ba tare da suna ba, ta fi fito da masu laɓewa a bayan wasu.

Ba kowa ne ya ji daɗin sabon tsarin ba. Wani uba ya same ni a ofishin malamai da katin sakamako a hannu.

"Malam, na sayi kaya na kashe kuɗi, yaro ya dawo da 11?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, bari a kira shi."

Yaron ya zo, na miƙa masa gora da gawayi na ce ya nuna wa babansa yadda ake jerawa. Ya fara da tsakuwa a ƙasa. Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya ninke katin ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko ana ƙarin darasi ranar Asabar.