Jan yashi da shuɗiyar laka a hamadar Namib

Da hantsi muka bar Windhoek, babban birnin Namibiya, ni da malamin da ya koya mini ɗaukar hoto, kuma ba mu isa Sesriem, mashigar yankin tuddan yashin Namib, ba sai da rana ta yi sanyi. A cikin gandun Namib-Naukluft muka kwana, domin waɗanda suka kwana a ciki ne ake buɗe wa ƙofa sa'a guda kafin fitowar rana. Da asuba muka bi kwaltar da ta ratsa tsakanin tuddan yashi wajen kilomita 60, wata mota mai iya shiga rairayi ta ƙarasa da mu, sannan muka taka kimanin kilomita ɗaya zuwa Deadvlei.

Wurin fili ne na busasshiyar farar laka, jajayen tuddai sun kewaye shi, a tsakiya kuma ga matattun itatuwan ƙaya da suka bushe tun ɗaruruwan shekaru, bayan yashi ya toshe wa kogin Tsauchab hanya. Tsananin bushewar iska ne ya hana su ruɓewa. Mun tarar da rana ta haska tudun da ke gabanmu, filin kuwa yana cikin inuwa, na yi ta ɗauka har zafi ya kore mu.

Da yamma Malam ya sa na buɗe hotunan a kwamfuta. Na farko tudun yashi ne ya cika shi, amma jan nan mai kama da garwashi da na gani da idona ya koɗe, ya koma fari-fari da ɗan shuɗi a jikinsa. Ya tambaye ni yadda na saita daidaiton fari, wato saitin da ke sa farin abu ya fito fari a hoto, na ce na bar wa kamara ta zaɓa da kanta. Ya bayyana mini cewa kamara tana ɗauka duk abin da ke gabanta, idan aka gauraya shi, ruwan toka zai bayar. Saboda haka da ta ga ja ya yi yawa sai ta zaci kuskure ne, ta ƙara shuɗi don ta rage shi. Alhali jan na yashin ne, daga tsatsar ƙarfen da ta lulluɓe ƙwayoyinsa. Da yake a tsarin RAW na ɗauka, wanda ke ajiye hoton ɗanye yadda za a iya sake saita launinsa daga baya, ya mai da ma'aunin launin haske zuwa Kelvin 5500, wato na hasken rana tsaka, nan take launin ya dawo.

A hoto na biyu lakar ce ta fito shuɗiya, na yi wuf zan gyara ta. Ya dakatar da ni, ya ce, "Ɗana, daga ina haske ya zo wa wannan lakar?" Na ce, "Daga sama, Malam, tunda rana ba ta kai gare ta ba." Ya ce to ashe shuɗin ba laifin kamara ba ne. Abin da ke cikin inuwa hasken sararin samaniya ne ke haska shi, wanda kan kai Kelvin 7000 ko fiye, idonmu ne kawai ke saurin sabawa har mu ga fari. Na gwada farar da lakar don in gani, sai tudun ya rine ya yi jawur kamar fenti, sanyin safiyar kuma ya ɓace gaba ɗaya. Har yanzu ina ganin wannan ne abu mafi muhimmanci da na koya a tafiyar, domin a da duk rinjayen launi aibi nake ɗaukarsa, ban san akwai wanda shi ne gaskiyar wurin ba.

Inda ya fi tsananta mini shi ne tsarin hoton. Rassan itatuwa biyu sun hau kan juna har ba a bambance su, layin da laka ta haɗu da yashi ya raba hoton gida biyu daidai kuma ya karkata, ga wani siririn yankin sama mai haske a kusurwa yana janye ido daga itacen da nake son a kalla. Ya ce karkatar da yankin saman ana iya gyara su da yanka, amma babu manhajar da za ta raba rassan da ban raba da ƙafata ba.

Washegari muka koma tun da duhu. Na zaɓi itace guda, na matsa dama taku uku har ya rabu da maƙwabcinsa, na durƙusa domin rassansa su faɗo a kan jan tudun kaɗai, na sauko da layin lakar zuwa kashi ɗaya cikin uku na ƙasan hoton, na fitar da sama baki ɗaya. Hoto huɗu na samu kafin rana ta gangaro kan lakar, shuɗin ya gushe.