Safar hannu ta masu jan igiya a ruwa

Jama'a wallahi tun da na fara bin jirgin ruwa mai tafiya da iska daga lagun ɗin Legas (babban tafkin da ya haɗu da teku) zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas ɗin, na gane safar hannu ba ado bace. Igiya in ta jiƙe da ruwan gishiri iska kuma ta fizgo ta, kafin kace me ta sale maka tafin hannu, ranar ko alwala sai kana cije baki.

Ni dai mai yankakkun yatsu nafi so saboda zafin Legas, kuma kana iya ɗaure igiya ko kwance ƙulli ba sai ka cire ba. Mai dogayen yatsu tafi kare hannu, gaskiya ne, amma gumi zai dame ka. A duba tafin sosai, ya zama an ninka shi har tsakanin babban yatsa da manuniya, don nan igiya tafi ci. Fata ta asali in ta sha gishiri ta bushe sai ta ƙandare, shi yasa nake sayen ta roba mai kama da fata.

Kuma dan Allah ta kama hannu cif, mai sako-sako tana iya maƙalewa a injin naɗe igiya ta ja yatsa. In an sauka a ɗauraye ta da ruwan famfo a shanya a inuwa.