Sunan yanka bayan "than" da "as": inda ake tuntuɓe a Turanci

Bahaushe da aikatau ɗaya yake kwatance, wato "fi": Musa ya fi Audu tsawo. Bature kuwa sai ya liƙa wa sifa "-er" ko ya sa mata "more", sannan ya kawo "than": "Musa is taller than Audu." Wannan ko ɗan aji ɗaya na sakandare ya iya shi. Abin da duba rubutun ɗalibai ya koya mini shi ne, rikicin yana farawa ne daga sunan da ke biyo bayan "than", domin ko an yi kuskure a wurin, jimlar takan shiga kunne sumul kamar babu komai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na mallaka. Ɗalibi ya rubuta "Binta's handwriting is neater than Ladi." Ba rubutu da rubutu ya gwada ba, ya gwada rubutun Binta ne da ita Ladi ɗungurungum. Daidai shi ne "than Ladi's". Abin mamaki, a Hausa ba ya yin wannan kuskure, don zai ce rubutun Binta ya fi na Ladi kyau. To wannan "na" ko "ta" ita ce ke komawa 's a Turanci. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: mayar da jimlar Hausa a zuci, in ka ji "na" ko "ta" kafin sunan, lallai sai an sa 's. Idan sunan gari ne ko ƙasa, "that of" ya fi zama: "The population of London is larger than that of Manchester." In abin jam'i ne, a ce "those of".

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma a nan Hausa ta fi Turanci fayyace zance. Dubi "Ladi trusts Audu more than Bala." Ma'ana biyu ce a dunƙule. Ko dai Ladi ta fi Bala yarda da Audu, ko kuma Ladi ta fi yarda da Audu a kan Bala. Mu wurin da muka ajiye sunan Bala ya raba gardama, Bature kuwa sai ya ƙara kalma: "more than Bala does" don ma'anar farko, "more than she trusts Bala" don ta biyu. A hira murya da yanayi sukan taimaka, amma a takardar shaida ko rahoton aiki, wannan "does" guda ɗaya na iya canza wanda ake zargi.

Akwai kuma kalmomin da ba sa karɓar "than" sam: "senior", "junior", "superior", "inferior". Daga Latin suka fito da kwatancensu a jiki, saboda haka "senior to Musa" ake cewa. Haka "prefer Kano to Zaria". Mai son cewa ya girmi Musa, "older than Musa" zai ce, ba "elder than" ba.

Sai kamance da ya daskare ya zama karin magana, mai ginin "as ... as" da sunan wani sananne. "As rich as Croesus" yana nufin Sarkin Lidiya, a yammacin Turkiyya ta yau, wanda Sairus na Farisa ya ci da yaƙi wajen shekara ta 546 kafin haihuwar Annabi Isa. "As old as Methuselah" daga Littafin Farawa na Baibul yake, inda aka ce mutumin ya shekara 969. "As pleased as Punch" kuwa ɗan tsana ne na wasan Punch da Judy a Ingila, wanda yake ta murna da kansa bayan ya yi mugun aiki. A Birtaniya da Ostareliya ana jin "as happy as Larry", wato mai tsananin farin ciki. Ba a cika taɓa waɗannan ba: galibi ba a musanya sifar, ba a sa "the" gaban sunan, kuma babban baƙin farko yana nan, in ba haka ba "punch" ya koma naushi. Abin da kawai ake iya yarwa a magana shi ne "as" ta farko.

Wajen fassara su ne nake ganin ya kamata a yi taka-tsantsan. "As wise as Solomon" da "as patient as Job" suna shigowa Hausa ba wahala, don hikimar Annabi Sulaimanu da haƙurin Annabi Ayuba a gida suke. Croesus ne ke da tarko. Hannu yakan yi saurin rubuta Ƙaruna, tunda shi muka sani da dukiya. Amma Ƙaruna ƙasa ce ta haɗiye shi saboda girman kai, kuma duk attajirin da aka kira da sunan zai ji an zage shi, alhali Bature yawan kuɗi kawai yake nufi. In marubucin ba suka yake yi ba, gara a ce hamshaƙin attajiri ne, ko kuɗi sun zauna masa, a bar Ƙaruna inda yake.