Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Tsohuwar Taya da Sanduna Biyu

A makon jiya mun tsaya a inda na daina zuwa makaranta. Ina ɗan shekara 14 a lokacin, muna zaune a Okaya, wani ƙaramin gari a bakin tafkin Suwa a jihar Nagano, inda Baba ya samu aiki a wata masana'anta bayan mun baro Kano. A Japan, yaron da ya yi fashin kwana 30 a shekara ba don ciwo ko rashin kuɗi ba, akwai rukunin da hukumar ilimi take saka shi, to ni ma sunana ya shiga ciki. Ba dukana ake yi ba. Idan dai malami ya ce a kasu gida-gida, ni ake bari a tsaye, wasu kuma su shafa gashina su kwashe da dariya. Na koma na kulle kaina a ɗaki, ko Umma ba na ce wa uffan.

Malamar da ke kula da ɗakin marasa lafiya na makarantarmu ce ta tako har gida. Ta ce mijinta yana cikin wata ƙungiyar makaɗan taiko, wato gangunan Japan, da ke atisaye a zauren unguwa da daddare, in zo in gani, babu wanda zai tambaye ni zancen makaranta. Umma ta ce, "Don Allah ka je, ko iska ka sha."

Tun daga bakin titi na fara jin ƙarar a ƙirjina. Babbar gangarsu daga kututturen itace guda ake fafe ta, a ja fatar saniya a kai, a kafe ta da manyan ƙusoshi zagaye da baki. Akwai kuma ƙarama mai kaifin murya, shime, wadda ake ɗaure wa fata da igiya. Mutum biyu ke jan igiyar kafin a fara, ɗaya ya dafe da ƙafa, ɗaya ya ja har jijiyar wuyansa ta fito.

Shugaban, wani dattijo kafinta da kowa ke kira Sensei, bai bar ni na taɓa ko ɗaya ba. Ya miƙo mini sanduna biyu, ya nuna mini tsohuwar tayar mota da aka ɗaure a jikin kujera. A nan duk sabon shiga yake farawa. Ba sa koyarwa da takarda, da baki ake fara rera kiɗan: don bugu ne mai ƙarfi a tsakiya, doko biyu ne a jere da sauri, ka a gefen itace, su kuma a ɗaga hannu a yi shiru. Sai ka iya faɗa kafin a bar ka ka buga. Na tuna yadda kalangu yake furta taken mahauta a gida, ashe su ma gangarsu magana take yi. Ni da harshen Japananci ya ɗaure wa baki a aji, wannan na kama shi nan da nan.

Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Barci ya dawo mini, abincin Umma ma na fara cinyewa.

Sensei yana alfahari da garin, kuma yana da dalili. Kiɗan ganga ya daɗe a Japan, a wuraren bauta da bukukuwa da fagen yaƙi, amma haɗa ganguna masu murya daban-daban su yi kiɗa a tare kamar yadda ake gani yanzu, a yankinmu aka fara shi. Wani ɗan Okaya, Daihachi Oguchi, makaɗin jaz, aka kawo masa tsohuwar takardar kiɗan wurin bautar Suwa, ya ga ta yi masa sanyi, ya raba ta ga ganguna da yawa, ya kafa ƙungiyar Osuwa Daiko a 1951. Ƙungiyar Kodo ta tsibirin Sado, wadda duniya ta fi sani, sai a 1981 ta zo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan an hau da ni kan ganga ta gaske. Ina jin daɗi na yi ta gaggawa, na wuce kowa. Sensei ya tsayar da kiɗan, ya kira sunana da ƙarfi, ya ce, "Kunnenka ina yake? Saurari shime! Idan ka ruga, mutum goma ka kayar." Ya sa muka maimaita gaba ɗayanmu. Wallahi tun zuwana ƙasar babu wanda ya taɓa yi mini tsawa, kowa lallaɓa ni yake yi irin ta baƙo. Wannan dattijon ya yi mini faɗa daidai da yadda yake yi wa jikansa da ke gefena. Da aka tashi, yaron ya jefo mini tsumma muka goge daɓe tare.

Ana haka watan Agusta ya matso, lokacin bikin gangunan Okaya, aka saka sunana cikin masu hawa dandamali. Na kai wa Baba takardar ya sa hannu. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Kai yaro, a danginmu ka taɓa jin maroƙi? Kuma kiɗan nan, ba na wurin bautarsu ba ne?" Ya ajiye takardar, ya ce ranar Asabar shi da kansa zai je ya ga Sensei.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.